Shekarun da Na Zama Idon Baba

Ran nan taram, jirgin ƙasan cikin gari, ta bi da ni ta gefen tsohuwar unguwarmu a Bobigny, gefen Paris, na leƙa ta taga ina neman majami'armu, ban gan ta ba. An share wurin ƙaf, an dasa dogon bene mai gilashi, a ƙasansa kuma wasu bayin Allah suna ta sheƙa gudu a kan inji ba sa zuwa ko'ina. Nan take na ji tsufa ya sauko mini, har gwiwata ta yi ƙara. Na san abin da za ku ce: yarinyar da ko tawadar takardar bak ɗinta ta gama sakandare ba ta bushe ba, ina ita ina tuna baya? To a bar raina allura, ita ma ƙarfe ce. Duk wanda aka rushe masa wurin da ya girma ya zama tsoho ko bai so ba, tsoho kuwa in ya fara zance ba a katse shi.

Majami'ar tamu, in gaskiya za a bi, tsohon siton tayoyi ne a bayan wani gareji. Warin roba bai taɓa barin wurin ba. Inna ta ƙona turaren wutar da zai ishi bikin gari guda, roba ta ce tana nan daram. In hunturu ya shigo, sanyi ne ke riga kowa zuwa sujada, ya zauna a sahun gaba ya harɗe ƙafa. Abin ɗumama ɗaki guda ɗaya muke da shi, shi ma tarinsa ya fi ɗuminsa yawa. Kowace Asabar ni da Inna mukan je mu share, mu goge kujerun roba, mu jera su, mu jiƙa zoɓo, kanikawan gareji suna ta buga ƙarfe a bayan bango kamar an biya su su hana mu hira. Ran Lahadi kuma mu rama. Matan zumunta su ɗauko tulun kiɗa da caki, su tayar da waƙa, har kwanon rufin ya riƙa amsawa. Bayan an tashi a buɗe manyan tukwane, dambun zogale da shinkafa da miyar da ke sa Bature mai wucewa ya yi atishawa daga tsallaken titi.

Mu ƴan kaɗan ne a cikin ƴan kaɗan. Hausawa Kirista, wasu daga Maraɗi, wasu daga Dogondutse, wasu daga can ƙasar Jos. A lakwal, wato makaranta, in na ce ni Bahausa ce sai a tambaye ni yaushe za mu fara azumi. A Goutte d'Or, inda muke sayen kuka da daddawa, in Inna ta ce da mai shago mijinta fasto ne sai ya tsaya da awo ya dube ta, sannan ya ce, "Ikon Allah! To Allah ya bar zumunci," ya ƙara mata barkono. Yanzu ikilisiyar tamu a wani zaure mai kafet take taruwa, da allon bango mai nuna waƙoƙi, ba wari, ba sanyi, ba tukunya. Rabin mutane ma ta waya suke bin sujadar daga kan gadonsu. In an tashi kowa ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu, "ça va, ça va," ya ruga kada jirgin metro ya wuce shi. A zamaninmu, mu tsofaffi, gaisuwar bakin ƙofa ta fi wa'azin tsawo.

Ita wannan gaisuwa Babana ne mai ita, domin shi ne faston. Da an shafa addu'ar ƙarshe sai ya je ya tsaya a bakin ƙofa da farar rigarsa, ba mai fita sai ya bi ta hannunsa. Kuma ba gaisuwar sama-sama ba. Zai tambaye ka kwana, da gajiya, da sanyi, da aiki, da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da maganar takardun zama, da tsohuwarka da ke gida, da ƙafarta da ta kumbura bara, da akuyar da ka ce ta ɓata. Mutanen nan duk mako suna goge ofisoshin da ba wanda ya san sunansu, ko suna tsaye a layin ofishin takardu tun da duhu-duhu ana kiransu da lamba. Ran Lahadi sai ga mutum ya riƙe hannunsu ya san har akuyarsu. Na sha ganin ƙaton namiji ya fito daga wannan gaisuwa yana share ido yana cewa sanyi ne. Shi kuwa Baba, in an ce masa, "Fasto, ya ƙoƙari?" amsarsa guda ce tun da aka haife ni: "Lahiya lau, sai godiya." Akwai wani dattijon ikilisiya, mai gemu kamar audugar da aka manta a rana, da ke yawan cewa, "Makiyayi ba ya ciwon kai a gaban tumaki." Yakan faɗe ta da alfahari, Baba kuma yakan gyaɗa kai.

Ina ƙarshen firamare idon Baba ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, in ji lokotoro, kuma an makara. Da fari gefe-gefe ne ya ɗauke, ya zama kamar mai leƙen duniya ta bakin kwalba. Daga baya bakin kwalbar ma ya yi hazo. Wata ranar Laraba da rana, ba lakwal, ya kira ni kicin, Inna na tsaye jikin firji ta naɗe hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba.

"Uwata, zauna. Kin san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba?"

Na ce, "Na sani, Baba, har da shinkafa."

Inna ta harare ni. Shi bai yi dariya ba. Ya gaya mini abin da lokotoro ya ce, sannan ya ce ba wanda zai ji, ko dattijo, ko ƴan'uwansa na gida. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Mutanen nan kullum ana rusa su. Ran Lahadi suna bukatar su ga abu ɗaya a tsaye. Ni nake ɗora hannu a kan marasa lahiyarsu. In suka ji mai yi musu addu'a ya makance, wa zai riƙe su?" Bai faɗi sauran ba, amma ko ni na san shi: in labari ya kai ga manyan ikilisiya a gida, za su aiko da wani.

Daga ranar na zama idon Baba, kuma ba wanda ya tambaye ni ko ina so. In na dawo daga lakwal, kafin in taɓa aikin gida, sai in karanta masa wurin da zai yi wa'azi a kai, in maimaita, in sake maimaitawa, har ya haddace. Karatun Hausata a lokacin abin tausayi ne, da hanci nake yinsa kamar mai sanarwa a tashar jirgi, yana gyara mini ina gyara masa. Inna ta ɗinka ɗan maɓalli a saman bangon Littafi Mai Tsarki don kada ya riƙe shi a juye. Ran Lahadi ya hau mumbari ya buɗe, ya sa yatsa a kan shafi, ya yi ta zubo ayoyi yana juya takarda a inda ya dace, mutane suna cewa kai, Fasto ko tabarau ba ya bukata. Kujerun nan kuwa, jerin da na yi musu wannan Asabar shi zan yi musu wata Asabar, ba ƙari ba ragi, domin da ƙafa ya haddace ɗakin. Wani yaro ya taɓa jan kujera ɗaya don ya ɗaure takalmi, na bi shi da tsintsiya har gareji. Har yau in ya gan ni yakan tsallaka titi.

Babban aikin shi ne bakin ƙofa. Nakan tsaya a damansa riƙe da jakarsa, duk wanda ya matso sai in riga Baba gaishe shi, da ƙarfi, da cikakken suna da laƙabi, har da rusunawa: "Ina wuni, Baba Dattijo! Ina wuni, Kawu mai taksi! Ina wuni, Gwaggo maman ƴan biyu, kai, wannan atamfa sabuwa ce!" Shi kuma Baba ya ɗora daga nan kamar yana ganinsu tun daga nesa. Abin da wannan ya jawo mini, Allah kaɗai zai saka mini. Ni da malaman lakwal suka sauya wa kujera har suka gaji suka ajiye ni kusa da kwandon shara, sai ga ni na zama yarinya mafi ladabi a duk faɗin ƙasar Faransa. Iyaye suka riƙa jan kunnen ƴaƴansu da sunana. "Ba ka ga ƴar Fasto ba? Har ƙasa take kaiwa!" Yaran ikilisiya suka tsane ni, kuma da gaskiyarsu, ni ma da na haɗu da irin wannan yarinya da na tsane ta.

Ina ba ku dariya ne, amma abin kurkuku ne mai kujerun roba. Ba ni da izinin yin mura ran Lahadi. Ajinmu ya tafi bakin teku na kwanaki, aka ce ina da uzuri. Ƙawayena suka shiga ƙwallon hannu, wasanninsu ran Lahadi, aka ce ba na so. A gida ba abin da ke motsawa daga wurinsa, ko kofi, ko takalmi, kamar gidan da aka ɗauka a hoto. In baƙo ya buga ƙofa sai mu uku mu miƙe kamar ɓarayi, kowa ya kama aikinsa: Baba ya zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofa ya buɗe jarida, Inna ta tsaya inda za ta miƙa masa shayi daidai cikin hannu, ni in fara rangaɗa gaisuwa. Inna mai yawan dariya ce a da, har maƙwabta na buga mana bango. A shekarun nan maƙwabta suka huta. Shi kansa Baba, da ya fi mu shiga uku, in baƙi sun tafi yakan zauna shiru hannuwansa a kan gwiwa, gumi na tsattsafo masa a goshi ko da hunturu ne. Ba mai fita, don kowannenmu yana gadin sauran biyun.

Mutum ɗaya ce ba na wahalar sanar da zuwanta, ita ce shugabar waƙar matan zumunta, wadda muke kira Gwaggo Mai Awarwaro. Awarwaronta daga wuyan hannu har gwiwar hannu, in ta taho sai ka ce garken shanu masu ƙararrawa. Humrarta takan iso tun tana tashar taram. Muryarta kuwa, in ta yi raɗa a Bobigny ana jinta a Goutte d'Or. Mijinta mutum ne shiru-shiru, direban motar kaya, mai zama a sahun baya yana murmushi in ta ɗauki waƙa. Ciwo ya kwantar da shi a likita, wato asibiti, wata da watanni. Ni nake raka Baba, in kai shi har bakin gado da dabarar riƙe jaka, sannan in fito in zauna a baranda. Ta ƙofa nakan ji mutumin nan mai shiru yana magana, yana magana, wani lokaci yana kuka, Baba yana cewa, "Faɗi, ɗan'uwa, ina jinka." Da ya rasu, Baba ne ya tsaya a bakin kabarin cikin yayyafi ya yi addu'a, har Turawan da ke aikin maƙabartar suka cire hula.

Gwaggo ta yi zaman makokinta a gida. Ranar da ta fara dawowa sujada ba wanda ya ji shigowarta. Ta tuɓe awarwaron duka, ba humra, ta lulluɓa da baƙin mayafi ta zauna a baya inda mijinta ke zama. Ba ta yi waƙa ba. Da aka tashi ta biyo layi a hankali. Da ta iso gabanmu na ga yadda ta zube, kamar an zare mata rabin jiki, na rusuna na ce a hankali, "Sannu, Gwaggo," domin ba a ɗaga wa mai makoki murya. Ita ma ta ce, can ƙasa-ƙasa, da muryar da kuka ya disashe, "Ina wuni, Fasto."

Duk matan ikilisiya gwaggo ne a wurina. Baba ya saurara bai ji ƙarfe ba, bai ji ƙamshi ba, sai ƙaramar murya. Akwai wata mai sanyin magana a cikinmu, matar wani mai gadi da aiki ke yawan hana shi zuwa. Baba ya ɗauka ita ce. Ya faɗaɗa murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "A'a, sannu da zuwa! Ina maigidan? Yau ma ba mu gan shi ba. Ki ce masa Fasto na cigiyarsa, ya daina ɓuya!"

Har cokalin da ke cikin tukunya ya tsaya. Gwaggo ta ɗago kai ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, shi kuma yana ta murmushi wajen kafaɗarta. Sannan ta ce, da muryarta ta gaske, wadda ba mai ɓata ta, "Yana inda ka bar shi, Fasto."

Ta wuce. Hannun Baba ya tsaya a sama. Na ga murmushin ya mutu a fuskarsa, na ga leɓensa yana motsi, na ce a raina yanzu zai faɗa, yanzu zai kira ta. Sai na baya a layi ya matso, bakina kuma, da ya saba, ya rangaɗa, "Ina wuni, Kawu mai taksi!" Baba ya kama hannunsa ya tambaye shi gajiya.

Cikin makon magana ta zaga. Wasu suka ce girman kai ya kama Fasto. Wasu suka ce dama gaisuwar tasa baki ce kawai, haddace ta yake yi, ga shi ya binne mutum ya manta. Dattijo ya zo gida, muka yi masa wasanmu na jarida da shayi. Ya ce Gwaggo ta tattara ta koma wurin ɗanta a Bron, can Liyon, kuma ta ce ita da majami'a har abada. Abin da ta ce wa matan zumunta shi ne, in wanda ya riƙe hannun mijinta har ya cika bai tuna ya mutu ba, to ba ta ga dalilin da zai sa ta yarda Na Sama yana tunawa ba.

"Ka kira ta ka ce suɓutar baki ce," in ji Dattijo. "Ka ce gajiya ce. A'a, kada ka ce gajiya. Ka ce aikin Shaiɗan ne, shi ba ya musu."

Baba ya kira. Ina jinsu, don ni na danna masa lambar. Ya ce ina wuni, ta ce lahiya lau. Ya ce ya haƙuri, ta ce da godiya. Ya ce suɓutar baki ce, ta ce ba komai, Fasto, Allah ya ba da lada, ta ajiye. Makonni suka shige. Wa'azinsa ya ƙara ƙarfi, yana buga mumbari har maɓallin Littafin ya tsinke Inna ta sake ɗinkawa. Matan zumunta suna waƙa ba mai ja musu gaba, kamar keken da ya rasa sarƙa. A gida ya daina cin abincin kirki. Sau da yawa nakan same shi riƙe da waya a hannu, bai ce in danna ba.

Inna ce ta fasa ƙwan, wata safiyar Asabar tana guga. Ba ta ko ɗago kai ba. Malam take ce masa.

"Malam, ka ce muna ɓoyewa ne don kada tumaki su watse."

"Haka na ce."

"To ga ɗaya ta tafi, kuma ba kura ce ta ɗauke ta ba. Asirin nan da muke ta kiwo, ya yi ƙiba, mu mun rame. Shi aka ba ka amana ko su?"

"In na faɗa, kin san za a karɓe mumbarin."

"Na sani. Ni na goge rigar da kake hawa da ita." Ta kife dutsen gugar. "Ita kuma matar nan ta rasa miji, yanzu tana rasa Allah, don kada a ce idonka ya mutu."

Ya daɗe zaune. Can ya ce, "Uwata, kin san inda ake shiga jirgin Liyon?"

A hanyar zuwa na kama bakina, abin da ya kamata a rubuta a tarihi. Daga tasha muka hau taram zuwa Bron, muka sami benen, muka hau. Ɗan Gwaggo, wanda ya gama jami'a a can yake aiki, shi ya buɗe ƙofa. Ya dubi Baba sama da ƙasa ya ce, "Bonjour, Pasteur," da irin muryar da ake yi wa mai tallan inshora. Gwaggo na zaune a kan tabarma a falo tana gyaran wake. Ba ta tashi ba. Na kai Baba kujera da dabarar jaka. Aka shiga gaisuwa, kwana, gajiya, hanya, sanyi, mutanen Paris, kowa lahiya lau, kowa sai godiya, har gaisuwa ta ƙare ba sauran abin tambaya. Wake kawai ke zuba a tire.

Baba ya ce, "Uwata, ajiye jakar nan. Koma can ki zauna."

Na koma jikin bango. Ya zauna shi kaɗai a tsakiyar ɗakin mutane, ba ni a damansa. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba.

"Ƴar'uwa, ƙarya na yi miki a waya. Ba suɓutar baki ba ce. Ban manta da shi ba, ko yau da shi na tashi. Ke ce ban gane ba. Ba na gani. Na yi shekaru ba na gani. Yanzu haka ban san ta ina kike zaune ba sai da na ji waken."

Waken ya tsaya. Gwaggo ta ɗaga hannu ta kaɗa a hankali. Idon Baba bai bi ba. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"To wa ya ce maka atamfata ta Kirsimeti ta yi kyau?"

Baba ya nuna wajen da yake zaton nake, ya nuna firji. "Uwata."

Wata irin dariya ta kuɓuce mata, rabi dariya rabi kuka, ta toshe baki da mayafi. Ɗanta da ke tsaye a ƙofar kicin ya ce, "C'est pas vrai," wato ba zai yiwu ba, ya zauna a ƙasa. Na ɗauka shi ke nan, an shirya, za a kawo abinci. Ashe yanzu aka fara. Gwaggo ta ture tiren gefe, muryar nan ta dawo gaba ɗayanta, na tabbata an ji ta a Paris.

"Tun da ya rasu mutane ke kauce mini a hanya don ba su san me za su ce ba. Ranar nan na ce ashe har Fasto ya daina ganina. Na zaci ni ce na ɓace! Ka bar ni da wannan duk makonnin nan?"

"Na bar ki da shi. Ki gafarce ni."

"Mijina bai taɓa kuka a gabana ba, a gabanka ya yi. Ya gaya maka tsoronsa, ya gaya maka abin da ko ni bai gaya wa ba. Dukanmu haka, mu kwaso kayanmu mu jibge maka, ka karɓa, ka karɓa. Kai kuma naka ka kulle a ɗaka, ka ɗora wa yarinya ƙarama da matarka. Mu ba mu isa mu ɗauka ba ne? Addu'armu ba ta hawa sama ne sai taka? Wannan ba ƙarfin hali ba ne, Fasto. Rowa ce."

A duniya ban taɓa jin an ce wa Babana marowaci ba, mutumin da ya taɓa dawowa gida ba kwat cikin hunturu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsoro na ji."

"To yanzu ka yi magana irin ta mutane," in ji ta. "Sauko."

"Na'am?"

"Sauko ƙasa ka durƙusa. Yau ni zan yi maka."

Ya lalubi hannun kujera ya sauko, ya durƙusa a kan tabarmar, wake na fashewa a ƙarƙashin gwiwarsa. Ta ɗora hannu a kan furfurarsa. Addu'ar ba irin ta mumbari ba ce. Ƙararsa ta kai wa Ubangiji tukuna, dalla-dalla, ta ce ga bawanka mai taurin kai, sannan ta roƙa masa haske in akwai rabo, in kuma babu, a ba shi zuciyar da zai bari a ja masa hannu. Kafaɗun Baba suka fara rawa. Na juya na ƙura wa firjin ido, tun da dama an ce ni ce shi.

Da muka tashi tafiya ta rako mu har bakin bene. Ta ce, "Ran Lahadi ina sahun gaba. Da bakinka za ka gaya musu. In ka tsaya inda-inda, ni zan tashi in faɗa, kuma ka san ba na bukatar lasifika."

Ta zo, ya kuma faɗa. Wasu suka yi kuka, wasu suka bar ikilisiyar don sun ce ba za su bi makaho ba, Dattijo ya yi fushin wata guda ya dawo don ba wanda ke dafa dambu a inda ya koma. Kafin shekara ta zagayo manyan gida suka aiko da sabon fasto, kamar yadda Baba ya yi tsoro. Bai sake hawa mumbari ba sai in an gayyace shi. Yanzu a gefen zaure yake zama da farar sandarsa, in an tashi masu abin faɗa su ja kujera kusa da shi, kuma na lura sun fi daɗewa fiye da da. Gwaggo ce ke ja wa mata waƙa har gobe.

Amma ni in na tuna lokacin, ba Lahadin nake fara gani ba, jirgin dawowa daga Liyon nake gani. Mun bar gari, rana na shirin faɗuwa, Baba na zaune jikin taga idonsa a kumbure. Bai san ko zai wayi gari da ikilisiya ba. Can ya juyo ya ce, a gaban kowa, ba raɗa ba, "Uwata, me ake gani a waje? Ba ni labari."

Na gyara zama. Na ce akwai gonaki kore shar har ƙarshen duniya. Ya ce to. Na ce ga wani ƙauye da hasumiyar majami'a mai tsini. Ya ce madalla. Na ce ga shanu farare, kowace ta kai girman motar bas, ɗaya ma ta sa tabarau tana karanta jarida.

"Uwata, ƙarya kike."

"In ba ku yarda ba, Baba, ku duba da kanku."

Maganar ta riga ta fita kafin in kamo ta. Na daskare. Ban taɓa yi masa wasa da abin ba, ba wanda ya taɓa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, na fara tunanin a wace tasha zan sauka in nemi wasu iyayen. Sai na ji wani abu ya taso daga cikinsa kamar tulun kiɗa. Ya fashe da dariya, ya buga gwiwa, ya yi ta yi har hawaye, har wata tsohuwar Baturiya da ke gabanmu ta waiwayo ta ce mana shiit. Baba ya juya wajen muryarta, ya dafa ƙirji, ya ce mata cikin Faransancinsa na Maraɗi, "Ki yi haƙuri, Madam. Ni makaho ne, ƴata kuma maƙaryaciya."

Ya share ido da hannun riga, ya jingina, ya ce, "To, ci gaba. Saniyar, wace jarida take karantawa?"